Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Darasin Gonakin Lemo Na Fulorida

Jihar Fulorida, wadda take can ƙuryar kudu maso gabashin ƙasar Amurka, ta daɗe da yin suna wajen noman lemo, har ma hoton lemo ne aka zana a jikin lambar motocin jihar. A kakar noma ta 1997 zuwa 1998 manomanta sun tsinki akwati miliyan 244 na lemon zaƙi, kowane akwati kuwa nauyinsa ya kai wajen kilo 41. A zamanin nan, in ban da Jihar Sao Paulo ta ƙasar Barazil, babu wani yanki a duniya da ya kama ƙafarta wajen matsar ruwan lemo. Amma a kakar 2024 zuwa 2025 abin da aka samu bai wuce akwati miliyan 12 da 'yan kai ba, watau kimanin kashi biyar cikin ɗari na wancan amfani.

Gonakin lemo da faɗinsu ya haura eka 850,000 a cikin 1996 sun tsuke sun koma wajen eka 275,000 a cikin 2024. A watan Janairu na 2025 kamfanin Alico, ɗaya daga cikin manyan masu gonakin lemo na jihar, ya ba da sanarwar cewa zai daina wannan sana'a. Gaskiya ne guguwar teku ta yi ɓarna a shekaru dabam dabam, kuma masu gine-gine sun saye filaye da yawa, amma manoma da masana duk bakinsu ɗaya a kan cewa babban dalili shi ne wata cuta wadda wani ɗan mitsitsin ƙwaro yake yaɗawa.

Abin da ya sa wannan labari ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, ba a ƙasar matalauta ya faru ba. An zuba kuɗi masu yawan gaske wajen bincike, an tara masana daga ko'ina, amma duk da haka gonaki suka ci gaba da mutuwa. Wanda ya bi diddigin yadda abin ya gudana zai ga kuɗin ba su yi kaɗan ba. Makara suka yi.

CUTAR DA MAI YAƊA TA

Wannan cuta ba baƙuwa ba ce a duniya. Manoman kudancin ƙasar Sin sun san ta fiye da shekara ɗari da suka wuce, suna kiranta "huanglongbing", watau cutar rawayar toho, kuma daga wannan suna ne masana suka ciro haruffan H.L.B. da ake kiranta da su ko'ina. A cikin 1956 wani masani ɗan ƙasar Sin mai suna Lin Kongxiang ya tabbatar da cewa ba rashin taki ko kwanciyar ruwa ke kawo ta ba, cuta ce mai yaɗuwa, domin da ya ɗebi ido daga bishiya mai ciwo ya aura wa lafiyayya sai ita ma ta kamu. Sai a cikin 1970 wasu masana a Faransa suka ga ƙwayar cutar da idonsu ta cikin babban madubin ƙara girman abu.

Ƙwayar cutar, wadda take daga jinsin bakteriya, takan zauna ne a cikin siraran jijiyoyin da suke ɗaukar abinci daga ganye su kai shi ga saiwa da 'ya'ya. Idan jijiyoyin suka toshe sai saiwa ta fara mutuwa, ganye ya yi dabbare-dabbaren rawaya kamar mai ciwon shawara, 'ya'yan su fito ƙanana a karkace, masu ɗaci, gindinsu ya ƙi nuna, da yawa kuma su zube tun kafin kaka. Bishiyar takan yi ta ramewa shekara da shekaru har ta daina biyan wahalar mai ita.

Mai ɗaukar ƙwayar daga bishiya zuwa bishiya shi ne wani ƙwaro ɗan asalin nahiyar Asiya, wanda tsawonsa bai wuce milimita uku zuwa huɗu ba. Sabon toho yake bi, ya kafa baki ya tsotsi ruwansa, macen kuma tana iya saka ƙwai har 800 a rayuwarta. Abu biyu ne suka sa cutar ta zama ƙarfen ƙafa. Na farko, bishiya tana iya ɗaukar ƙwayar wata da watanni, wani lokaci har shekaru, ba tare da ta nuna alama ba, alhali kuwa ƙwari suna ta ɗiba daga jikinta suna kai wa maƙwabtanta. Na biyu, masana ba su sami hanyar renon ƙwayar ita kaɗai a ɗakin gwaji ba kamar yadda ake yi wa sauran ƙwayoyin cuta, saboda haka kowane magani sai an gwada shi a jikin bishiya ko ƙwaro, aikin da ke cin lokaci mai tsawo.

SHEKARU BAKWAI NA JINKIRI

An fara ganin ƙwaron a Fulorida a cikin watan Yuni na 1998. Da yake a lokacin ba a ga cutar tare da shi ba, kuma shi kansa ɓarnar da yake yi wa manyan itatuwa ba ta taka kara ta karya ba, sai aka ɗauke shi ƙaramin abu. Ya bi wata bishiyar ado, dangin lemo, wadda ake sayarwa a kantuna domin shukawa a ƙofar gida, cikin 'yan shekaru ya game yankunan noman lemo na jihar.

A wannan lokaci hankalin hukuma da kuɗinta suna kan wata cuta dabam, watau gyambon lemo, wanda ya ɓulla a birnin Miyami a cikin 1995. Dokar da aka kafa ita ce, duk inda aka sami bishiya mai gyambo, a sare ta tare da kowace bishiyar lemo da ke cikin tazarar ƙafa 1,900 daga gare ta. An sare itatuwa wajen miliyan 16, an kashe fiye da dala miliyan dubu a aikin da kuma biyan diyya. Daga bisani guguwar 2004 da ta 2005 suka watsa gyambon ko'ina, har a watan Janairu na 2006 aka haƙura da shirin.

Ana cikin wannan fama ne, a watan Agusta na 2005, aka tabbatar da ɓullar H.L.B. a kudancin Miyami. Da malaman gona suka bazu cikin gonaki suna dubawa, sai suka tarar ta riga ta yi nisa. Shekaru bakwai ke nan tsakanin isowar ƙwaro da gano cuta, kuma a cikin shekarun nan ne ya kamata a ce an killace wuraren renon dashe, an hana yawo da itatuwan ado, an fara tace irin da zai jure. Dokar da ta tilasta renon dashen lemo a cikin rumfunan raga waɗanda ƙwaro ba ya iya shiga ba ta fara aiki ba sai a cikin 2007.

Shawarar da masana suka bayar tun farko ita ce a tumɓuke duk bishiyar da ta kamu. Amma manomin da ya ga rabin gonarsa zai tafi, ga bashin banki a wuyansa, ga kuma maƙwabcinsa bai tumɓuke tasa ba, da wuya ya yarda. Da yawa suka zaɓi su riƙa fesa wa itatuwan abinci ta ganye domin su ja kwanansu. Wani bincike da Jami'ar Fulorida ta fitar a cikin 2016 ya nuna cewa, bisa ƙiyasin manoman da kansu, kashi 80 cikin ɗari na itatuwansu sun kamu.

INDA KUƊIN SUKA FITO

Manoman lemo na Fulorida ba baƙi ba ne wajen biyan kuɗin bincike daga aljihunsu. Tashar binciken lemo ta garin Lake Alfred, wadda aka kafa a cikin 1917, da karo-karon manoman yankin aka sayi filinta. Da wannan annoba ta taso, sai a cikin 2009 aka kafa wata gidauniya ta musamman domin tattara kuɗin binciken lemo da raba su ga masana. Manoma suka yarda a riƙa cire senti uku daga kuɗin kowane akwati, senti ɗari kuwa su ke yin dala ɗaya, kamar kwabo da naira. Majalisar dokokin jihar da manyan kamfanonin ruwan lemo su ma suka sa hannu.

Gwamnatin Tarayya ta Amurka ta shigo da nata ƙarfin. A cikin dokar aikin gona ta 2014 an keɓe dala miliyan 125 domin binciken cututtukan lemo, watau miliyan 25 kowace shekara har shekara biyar. A cikin dokar 2018 aka sake keɓe wasu miliyan 125 a wani asusu na gaggawa. A cikin 2025 ita ma jihar ta ware fiye da dala miliyan ɗari, yawancinsu domin gwajin sababbin dashe a gonakin manoma.

Sai dai akwai wani rauni a cikin tsarin harajin akwati wanda ya kamata masu tsara kasafin kuɗi su lura da shi. Senti uku a kan akwati miliyan 140, irin amfanin da aka samu a kakar 2010 zuwa 2011, sun haura dala miliyan huɗu. Amma senti ukun nan a kan akwati miliyan 12 dala 360,000 ne kacal. Ma'ana, gwargwadon yadda cuta ta ci gona, gwargwadon yadda kuɗin yaƙi da ita suke ƙafewa. Asusun da aka ɗaura a jikin amfanin gona yakan yi ƙarfi ran da ba a bukatarsa, ya raunana ran da ake nemansa ruwa a jallo. Shi ya sa daga baya nauyin ya koma kan baitulmalin gwamnati.

ABIN DA KUƊIN SUKA SAYO

A cikin 2018 majalisar manyan masana kimiyya ta ƙasar Amurka ta duba ayyukan da gidauniyar ta biya, waɗanda kuɗinsu ya kai dala miliyan 124. Hukuncin da ta yanke shi ne an ƙaru da ilmi mai yawa game da ƙwayar da ƙwaron da bishiyar, amma ba a sami magani ba, kuma da wuya a wayi gari da wani magani guda wanda zai kawar da cutar. Mafita, in ji majalisar, tana cikin haɗa dabaru da yawa wuri ɗaya.

Wannan ba ya nufin an yi asarar kuɗin. An samo hanyar gwajin ganye da ke nuna ƙwayar a ɗakin bincike. An horar da karnuka masu shinshino bishiyar da ta kamu tun kafin ido ya ga alama. An ƙirƙiro rigar raga da ake sa wa kowane ɗan dashe har ya yi ƙwari, wasu manoma kuma suka rufe gonaki sukutum da rumfar raga, ko da yake tsadar wannan ta sa sai masu sayar da lemon ci suke iyawa. An fitar da wasu irin tanjirin da saiwoyin aure masu ɗan jure wa cutar. A ƙarshen 2022 aka ba da izinin yi wa itatuwa allurar maganin oksitetarasaikilin a gindi, wanda yake rage yawan ƙwayar, amma ba ya warkarwa. Akwai kuma itatuwan da aka gyara ƙwayoyin halittarsu a ɗakin gwaji, waɗanda aka kai gonakin gwaji.

Dukan waɗannan suna cin karo da abu guda, watau lokaci. Mai binciken gero ko wake yana ganin sakamakon aikinsa cikin damina ɗaya. Mai binciken lemo kuwa sai ya haɗa iri, ya jira bishiya ta girma ta yi 'ya'ya, ya ɗanɗana, ya gwada ta a ƙasa iri iri, abin da kan ci shekara goma sha biyar ko ashirin kafin sabon iri ya isa hannun manomi. Manomin ma in ya dasa sai ya jira shekara huɗu ko biyar kafin ya fara cin moriya. Ko an ninka kuɗin bincike sau goma, bishiya ba ta sauri.

WAƊANDA SUKA SHAFA WA GEMUNSU RUWA

Domin a gane bambancin da shiri ke kawowa, sai a dubi wurare biyu da cutar nan ta shiga ba ta yi musu irin wannan kamu ba. A Jihar Sao Paulo, manoma da masu masana'antun ruwan lemo sun kafa asusunsu mai suna Fundecitrus tun cikin 1977. Saboda wata cuta da ta dame su a baya, tun 2003 doka ta tilasta renon dashe cikin rumfar raga. Saboda haka da H.L.B. ta ɓulla a can a cikin 2004, ta tarar da ma'aikata a shirye da dashe mai tsabta. Suka riƙe ƙa'ida uku: a dasa lafiyayyen iri, a tumɓuke mai ciwo, a yi feshin ƙwaro a yanki ɗaya lokaci ɗaya. A kakar 2023 zuwa 2024 yankin ya tsinki akwati miliyan 307. Duk da haka ba su tsira ba, domin ƙididdigar asusun ta nuna itatuwan da suka kamu sun tashi daga kashi 38 cikin ɗari a 2023 zuwa kashi 44 a 2024. Abin da suka samu shi ne jinkiri na shekara ashirin, wanda a wannan yaƙi ba ƙaramar riba ba ce.

Jihar Kalifoniya, a yammacin Amurka, ita ma ta ɗauki darasi. An ga ƙwaron a can a cikin 2008, a shekara mai bi kuwa aka kafa dokar cirar 'yan senti daga kowane kwalin lemo domin sa ido da rigakafi, shekara uku kafin a ga bishiya ta farko mai ciwo a wani gida kusa da Los Angeles a cikin 2012. Wani masanin ƙwari na Jami'ar Kalifoniya, Mark Hoddle, ya je yankin Punjab na Pakistan ya ɗebo wani ɗan zanzaro wanda ke saka ƙwansa a jikin 'ya'yan ƙwaron, tsutsarsa ta cinye su. An fara sakinsa a watan Disamba na 2011, kuma ƙwaron ya ragu ƙwarai a unguwannin kudancin jihar. Busasshen yanayin Kalifoniya ya taimaka, amma har zuwa 2024 a itatuwan gidaje aka fi samun cutar, jihar kuma ta shiga gaban Fulorida a noman lemo.

Wannan dabara ta kashe ƙwaro da ƙwaro tana da tarihi a can. A cikin 1888, lokacin da wani ƙwaro mai kama da auduga ya kusa gamawa da gonakin lemon jihar, an aiki Albert Koebele zuwa Ostireliya ya kawo wani ɗan jan ƙwaro mai cin sa. Cikin shekara guda aka shawo kan annobar, a kan kuɗin da aka ƙiyasta bai wuce dala 1,500 ba. Irin wannan sa'a ba kullum ake samunta ba, amma ba ta taɓa zuwa wa wanda bai tura kowa nema ba.

ƘWARON YA ISO AFIRKA TA YAMMA

Mai karatu a Kano ko Kaduna zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Amsa ita ce, a cikin 2020 masana suka ba da rahoton ganin wannan ƙwaro na Asiya a Jihar Oyo, a cikin 2023 kuma aka ba da rahotonsa a Gana da Jamhuriyar Benin. Ita kuwa ƙwayar cutar ta Asiya an tabbatar da ita a Habasha a cikin 2010, a gaɓar tekun Kenya kuma a cikin 2020. Da ma Afirka tana da nata nau'in cutar, wanda aka sani a Afirka ta Kudu tun ƙarshen shekarun 1920, amma shi ba ya son zafi, a tuddai masu sanyi yake zama. Nau'in Asiya kuwa yana jure zafi, saboda haka zafin ƙasa ba zai zama garkuwa ba.

Nijeriya tana cikin manyan ƙasashen Afirka masu noman lemo, Jihar Binuwai ce kuma cibiyarsa. Daga can ne manyan motoci suke ɗauko shi zuwa kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa a Kano da sauran kasuwannin Arewa. Tun daga manomin Gboko, da direba, da ɗan dako, da dillali, har zuwa mai tura baro yana fere lemo a bakin titi, duk a jikin bishiyar nan suke ci. Yawancin gonakin kuwa na ƙananan manoma ne, waɗanda suke sayen dashe mai aure a gefen hanya ba tare da sanin uwar da aka ɗebo idon a jikinta ba. Babu wanda zai iya sayen rumfar raga ko allurar gindi a cikinsu.

Yankin nan ya taɓa ganin irin wannan rana. A shekarun 1940 wata cuta da ake kira tiristeza, watau baƙin ciki, ta auka wa gonakin lemon tsami na yankin Cape Coast a ƙasar da ake kira Gana a yau. Masana biyu da ke aiki a can, Hughes da Lister, suka bayyana sakamakon bincikensu a cikin 1949, daga nan kuma lemon tsami ya zama ma'aunin da ake gane cutar da shi a ƙasashe da yawa. Ashe ke nan binciken da aka yi a Afirka ta Yamma ya taɓa amfanar duniya.

Kayan aiki ma akwai su. Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, wadda aka kafa a Ibadan a cikin 1975, tana da rassa a Bagauda ta Jihar Kano da Dadin Kowa ta Jihar Gombe. Akwai hukumar killace tsirrai da dabbobi a kan iyakoki, akwai jami'o'in aikin gona, har da ta Makurɗi a tsakiyar ƙasar lemo. Ayyukan da labarin Fulorida ya nuna sun fi gaggawa su ne mafi araha: a zagaya gonaki a san inda ƙwaron ya kai, a tanadi ɗakin gwajin ganye, a keɓe uwayen itatuwa masu tsabta a cikin raga domin ɗiban idon aure, a yi wa masu renon dashe rajista, a koya wa malaman gona alamun cutar, sa'an nan a fara gwada saiwoyin aure masu juriya a ƙasar gida.

Nauyin wannan yana kan ma'aikatan da ke rubuta kasafin kuɗi. Kuɗin bincike su ne aka fi saurin yankewa idan aljihun gwamnati ya yi sanyi, domin babu wanda zai yi zanga-zanga a kansu, kuma ba a yanka ƙyalle ranar buɗe su. Amma gonar gwaji da aka hana wa ruwa da ma'aikata shekara ɗaya tana iya rushe aikin shekara goma. Kaɗan da za a riƙa bayarwa kowace shekara ba fashi ya fi tuli da za a zuba bayan gona ta mutu. Ɗalibai masu karatun ilmin ƙwari da cututtukan tsirrai su ma su sani cewa wanda zai gane wannan ɗan ƙwaro a kan toho, shekaru ake yi kafin a horar da shi.

Fulorida ta sami shekara bakwai tsakanin ganin ƙwaro da ganin cuta. A Nijeriya, daga 2020 aka fara ƙirga.